Riƙon Amanar Allah: Tambayoyin da Masu Bi Suke Yawan Yi

Da zarar an ce yau koyarwa a kan wakilcin Kirista za a yi, mutane da yawa sukan dafe aljihu a zuci, don sun ɗauka maganar kuɗi ce kawai. Kuɗi na ciki, amma batun ya wuce nan nesa ba kusa ba. Ga tambayoyin da 'yan'uwa suka fi yi, da amsoshinsu bisa ga abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar.

Me ake nufi da wakilci, ko riƙon amana, a wurin mai bi?

Wakili shi ne wanda mai kaya ya damƙa wa kayansa ya kula da su. Yana da ikon saye da sayarwa, yana ba da umarni, makullan ma suna hannunsa, amma ya san ranar lissafi na zuwa. Kalmar da Sabon Alkawari ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce oikonomos, wato mai tafiyar da al'amuran gida. A manyan gidaje na wancan zamani sau da yawa bawa ne yake riƙe da wannan matsayi.

In kana son ganin wakili da idonka, buɗe Farawa 39. Fotifar ya bar wa Yusufu duk abin da ya mallaka, har ba ya sanin kome game da gidansa sai abincin da yake ci. Da matar maigidan ta neme shi, dalilin da Yusufu ya fara kawowa shi ne amana: maigidana ya sa kome a hannuna, bai hana ni kome ba sai ke, yaya zan yi wannan mugunta in yi wa Allah zunubi? Ya san iyakar ikonsa tun ba a tuna masa ba. Abin da Bulus yake nufi ke nan a 1 Korantiyawa 4:2, inda ya ce abin da ake nema ga wakili shi ne a same shi da aminci.

Ni na yi gumi na samu abin da nake da shi. Ta yaya za a ce ba nawa ba ne?

Ba wanda ya raina guminka, ɗan'uwa. Amma wa ya ba ka ƙarfin da ka yi aikin, da lafiyar, da basirar? Musa ya hango wannan tambaya tun Isra'ilawa ba su shiga ƙasar alkawari ba. A Maimaitawar Shari'a 8:17-18 ya gargaɗe su kada su ci su ƙoshi, su gina gidaje, sa'an nan su ce a ransu ƙarfin hannunsu ne ya tara musu. Allah ne mai ba da ikon samun dukiya. Zabura 24:1 ta ce duniya da duk abin da yake cikinta na Ubangiji ne. Dawuda kuwa, ranar da shi da jama'arsa suka tara zinariya da azurfa don ginin Haikali, ya yi addu'a ya ce daga hannun Allah suka karɓa suka mayar masa (1 Tarihi 29:14).

A gaban mutane gonarka taka ce, albashinka naka ne, shi ya sa sata ta zama zunubi. Bitrus ma ya faɗa wa Hananiya haka a Ayyukan Manzanni 5:4, cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar. A gaban Allah ne kake mai riƙo.

Ban da kuɗi, me kuma aka ba mu amana?

Kwanakin ranka, jikinka, 'ya'yanka, aikin hannunka, mutanen da suke ƙarƙashinka, asirin da wani ya gaya maka, ƙasar da kake takawa, da bishara ita kanta. 1 Bitrus 4:10 ya ce kowa ya yi wa ɗan'uwansa hidima da baiwar da ya karɓa, kamar amintaccen wakilin alherin Allah iri-iri. Bezalel an cika shi da Ruhun Allah don aikin zinariya da sassaƙar itace (Fitowa 31). Tabita ta Yafa ɗinki ta iya, kuma da ta rasu, rigunan da ta ɗinka wa gwauraye su ne shaidar da aka nuna wa Bitrus.

Misalin talanti yana tsorata ni. Me ya sa aka hukunta bawan da bai saci kome ba?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma gara ta tsorata mu da mu wuce ta da sauri. A Matiyu 25:14-30 maigida zai yi tafiya, ya ba bawa ɗaya talanti 5, wani 2, wani 1, kowa gwargwadon iyawarsa. Mu fara gyara wani kuskure: talanti ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ya kai wajen dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa shi ne ladan aikin yini guda, kamar yadda muka gani a Matiyu 20:2. In ka lissafa, bawan da muke ce wa "mai ɗaya tak" an damƙa masa ladan aikin kusan shekara 20. Ba wanda aka ba abin banza a cikinsu.

Na biyun farko suka juya kuɗin, kowa ya ninka nasa. Ka lura, yabon da aka yi wa mai 5 shi ne aka yi wa mai 2, kalma da kalma. Maigidan bai gwada su da juna ba. Ya duba abin da kowa ya yi da abin da ya karɓa.

Na ukun ya haƙa rami ya binne. Da aka tambaye shi, sai ya ce ya san maigidan mutum ne mai tsanani, ya ji tsoro. A nan laifin yake. Ya ɗauki ubangidansa a matsayin azzalumi, don haka ya gwammace ya tsare kansa da ya yi masa aiki. Maigidan ya ce ko wurin masu juya kuɗi ai da ya kai, a sami riba.

Ni a ganina yawancinmu mun fi kusa da wannan bawa fiye da yadda muke kusa da ɓarawo. Akwai mai iya koyar da yara da ya yi shiru don kada a ce yana nuna kansa. Akwai wadda Allah ya ba baiwar sasanta mutane amma ta ce ba ruwanta. Akwai mai sana'a da zai mutu da ita bai koya wa kowa ba. Duk ba su saci kome ba, sun dai binne. Abin da ya kamata misalin ya haifar a zuciyarka shi ne ƙarfin hali: wanda ya ba ka ya san iyawarka kafin ya ba ka.

Zakka, wato fitar da kashi ɗaya cikin goma, wajibi ce a kan Kirista, ko ta ƙare tare da Shari'ar Musa?

Masu bi na gaskiya sun yi saɓani a kan wannan, kuma bai kamata wani ɓangare ya kira ɗayan maras bangaskiya ba.

Ga abin da yake a rubuce. Kafin Shari'a, Ibrahim ya ba Malkisadik kashi ɗaya cikin goma na ganimar yaƙi (Farawa 14:20), Yakubu kuma ya yi wa'adin haka a Betel (Farawa 28:22). A cikin Shari'a, Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa zakkar Isra'ila domin ba su da rabon ƙasa, su ma kuma sai sun fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da suka karɓa. Maimaitawar Shari'a 14:22-29 ta kawo wani ɓangare da ba a cika yin wa'azinsa ba: zakkar da mai ita yake ci tare da iyalinsa a gaban Ubangiji da murna, da kuma ta kowace shekara ta 3 wadda ake tarawa a gari don Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Wato tun asali zakka tana da rabon matalauci a cikinta.

A Sabon Alkawari, Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Matiyu 23:23 don suna fitar da zakkar 'yan ganyayen ƙamshi amma sun bar gaskiya, da jinƙai, da aminci. Ya ce su yi waɗannan ba tare da barin waɗancan ba. Masu cewa zakka tana nan suna riƙe da wannan. Masu cewa ba doka ba ce yanzu suna nuna cewa a wasiƙun manzanni ba inda aka umarci ikilisiya da kashi ɗaya cikin goma. Abin da Bulus ya rubuta shi ne kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa (1 Korantiyawa 16:2), kuma ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba (2 Korantiyawa 9:7).

Ra'ayina shi ne kashi ɗaya cikin goma ma'auni ne mai kyau na koyon bayarwa, kuma wanda ya ɗanɗana alherin Almasihu ba zai yi ta neman hanyar ragewa ba. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya fitar da ɗaya ya ɗauka ya sallami Allah, sauran taran kuma ya yi yadda ya ga dama da su. Taran nan ma amana ce. Yadda ka same su da inda ka kashe su duk suna cikin lissafi.

In na bayar, Allah zai ninka mini?

Allah yana sa wa mai bayarwa albarka, wannan gaskiya ne, Malakai 3:10 da 2 Korantiyawa 9:6-11 sun faɗa. Amma karanta ayoyin Bulus har ƙarshe: ana wadata ka ne domin ka ƙara yin alheri. Bulus da ya rubuta su ya san yunwa, ya san kurkuku. Ikilisiyoyin Makidoniya da ya yaba sun bayar ne suna cikin matsanancin talauci, kuma bai ce sun wayi gari attajirai ba.

Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi kaza don a buɗe maka ƙofar warkarwa ko ta aure ko ta aiki, ka tuna da Saminu na Samariya. Ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa (Ayyukan Manzanni 8:20). Yana yi mini ciwo ƙwarai in ga marasa lafiya da gwauraye su ne aka fi tatsa da irin wannan koyarwa.

Ina da bashi, ga iyali. Wanne zan fara da shi?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma biyansa wajibi ne. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake cin bashi ya ƙi biya. Kada ka ɗauki kuɗin da ka yi alkawarin mayarwa yau ka kai baiko don a gan ka, mai bin ka kuwa yana jira. Game da iyali, 1 Timoti 5:8 ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya. Yesu kuma ya la'anci dabarar masu cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah (Markus 7:9-13).

Wannan ba ya nufin ka rufe hannu sai ranar da ka gama biya, don wasu ba za su taɓa ganin ranar ba. Ka zauna da matarka, ko ke da mijinki, ku rubuta abin da yake shigowa da abin da yake fita, ku tsara biyan bashin, ku ware abin bayarwa ko kaɗan ne. 2 Korantiyawa 8:12 ya ce ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi.

Ba ni da kome. Wannan koyarwa ta shafe ni?

Ta shafe ki, 'yar'uwa. Yesu ya zauna daura da ma'ajin Haikali yana kallon masu zuba kuɗi, kuma wadda ya kira almajiransa su gani gwauruwa ce mai 'yan ƙananan tsabar tagulla 2 (Markus 12:41-44). Sai dai a kula da ayar da ta zo dab da wannan labari, inda ya yi tir da malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Wanda ya ɗauki labarin matar nan ya matsa wa matalauta da shi, ya tsaya ne a layin waɗanda Yesu ya tsine wa.

Tanadi don gobe rashin bangaskiya ne?

A'a. Karin Magana 6:6-8 ya aike mu wurin tururuwa mu koyi tara abinci a lokacinsa. Yusufu ya ba Fir'auna shawarar a ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekaru 7 na ƙoshi, da haka aka ceci Masar da maƙwabtanta. Yesu kansa, bayan ya ciyar da mutum 5,000, ya ce a tattara gutsattsarin kada kome ya lalace, aka cika kwando 12.

To, me ya sa aka kira attajirin misalin Luka 12 wawa, wanda gonarsa ta yi albarka ya ce zai gina manyan rumbuna ya tara? Karanta maganarsa da kyau: amfanina, rumbunana, kayana, raina. Ba Allah a ciki, ba maƙwabci. Yusufu ya tara don mutane su rayu, shi kuwa ya tara don ya kwanta ya ci shi kaɗai. John Wesley, mai wa'azin Ingila na ƙarni na 18, ya koyar da abu uku game da kuɗi: a nema iyakar iyawa ta hanyar da ba ta cutar da kowa, a guji ɓarna, a kuma bayar iyakar iyawa. Wanda ya ɗauki biyun farko ya bar na ukun bai ji shi ba.

Laifi ne in tambayi yadda ikilisiya take kashe kuɗin baiko?

Ba laifi ba ne, in dai ka yi da ladabi, a inda ya dace, ba da nufin ɓata sunan wani ba. Shugabanni ma wakilai ne, amanar da take wuyansu ta fi taka nauyi.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan da wasa ba. A zamanin sarki Yowash, da gyaran Haikali ya ƙi ci gaba, Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirgawa tare (2 Sarakuna 12:9-10). Ezra, da zai taso daga Babila, ya auna azurfa da zinariya ya damƙa wa zaɓaɓɓun mutane, da suka isa Urushalima aka sāke aunawa aka rubuta nauyin kome (Ezra 8:24-34). Bulus, manzo guda, bai yarda ya ɗauki gudummawar tsarkakan Urushalima shi kaɗai ba. Ya sa ikilisiyoyi su zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, ya ce yana so ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane (2 Korantiyawa 8:18-21). In Bulus bai ji an raina shi da wannan tsari ba, ban ga dalilin da fasto ko ma'aji na yau zai ji haushi ba.

A aikace, mutum biyu ko fiye su ƙirga baiko, a rubuta, wanda yake ba da izinin kashewa ya bambanta da mai riƙe kuɗin, a kuma karanta wa jama'a rahoto a kan kari. Wannan tsari yana kāre mai gaskiya daga zargi, yana kuma kāre mai rauni daga jaraba. Kada a manta, a cikin almajiran Yesu sha biyun nan ma, Yahuza mai riƙe jakar kuɗi yana ɗiba (Yahaya 12:6).

Kula da ƙasa da itatuwa da dabbobi aikin mai bi ne?

Shi ne ma aikin farko da aka ba ɗan adam. Farawa 2:15 ya ce Allah ya sa mutum a gonar Aidan ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Mulkin da aka ba shi a Farawa 1:28 mulkin wakili ne, ba lasisin ɓarna ba. Shari'a ta umarta a bar ƙasa ta huta kowace shekara ta 7, a shekara ta 50 kuma kowa ya koma gādonsa, domin ƙasar ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta (Littafin Firistoci 25:23). An hana sare itatuwa masu ba da 'ya'ya ko a lokacin yaƙi (Maimaitawar Shari'a 20:19). An hana sa wa sā takunkumi yana sussuka. Karin Magana 12:10 ya ce adali yana kula da ran dabbarsa.

Wanda ya zuba guba a ruwan da wasu suke sha, ko ya sare bai dasa ba, ya cuci maƙwabcinsa, ya cuci jikokinsa, ya kuma taɓa kayan Mai kaya.

Jikina da lokacina fa? Hutu ba lalaci ba ne?

Jikinka haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kai ba na kanka ba ne (1 Korantiyawa 6:19-20). Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci. Yetro ya ce wa Musa zai kashe kansa in bai raba aikin shari'a da wasu ba. Ma'aikacin ikilisiya da yake yawo dare da rana, 'ya'yansa ba su san zamansa ba, ya saki wata amana yana riƙe da wata.

Me ya sa aka yabi wakili marar gaskiya a Luka 16?

Ba cutar da ya yi aka yaba ba, azancinsa aka yaba. Da ya ji za a kore shi, ya kira waɗanda ubangidansa yake bi bashi, ya mai da mudu 100 na mai zuwa 50, na alkama 100 zuwa 80, don ya sami masu karɓarsa gobe. Ya gane lokacinsa ya kusa ƙarewa, ya yi amfani da abin da yake hannunsa tun yana da iko. Yesu yana cewa 'ya'yan haske su ma su farka haka, su juya dukiya mai wucewa ta zama alheri ga mutane. Don kada wani ya yi kuskuren fahimta, nan take ya ƙara da cewa mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba, kuma ba mai iya bauta wa Allah da dukiya gaba ɗaya.

Na riga na ci amana. Akwai hanyar komowa?

Akwai. In mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta mana (1 Yahaya 1:9). Amma tuba a kan amana tana tafiya da mayarwa. Littafin Firistoci 6:1-5 ya yi maganar wanda ya ci ajiyar maƙwabcinsa, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya musanta: zai mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, a ranar da zai kawo hadayarsa. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya wuce haka da kansa: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki 4.

Ka fara da rubuta sunan wanda ka cuta da abin da ka ci. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, je ka same shi, ka faɗi gaskiya, ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. In ya rasu, magadansa suna nan. In kunya ko tsoro ya hana ka zuwa kai kaɗai, nemi dattijo ɗaya a ikilisiya mai riƙe asiri ya raka ka.